Na Ƙwace Wankin Kafet, Na Rasa Rigunan Alhazai

Malam Edita, lokacin da wannan abu ya faru da ni, shekaru kaɗan kafin ƙasar nan ta karɓi mulkin kanta, ni sabon magidanci ne, mai wanki da bugu a Alabar, cikin Zangon Kumasi. Mahaifina ma sana'arsa ke nan har ya koma ga Mahaliccinsa. Bai bar mini gida ko gona ba. Abin da ya bar mini shi ne wani ƙaton daro na ƙarfe da mutum biyu za su iya zama a ciki, da gungumen bugu wanda ya yi santsi saboda aiki, da gidaje shida na alhazai fataken goro waɗanda ba sa ba kowa rigunansu sai shi. Wanda bai san sana'armu ba zai ce wannan ba gado ba ne, amma mu a wurinmu shi ne gadon. Mutumin da ya ɗauki rigar da zai tsaya gaban Ubangijinsa da ita ya miƙa maka, ya yarda da kai ke nan, kuma wannan yardar muke ci, ita muke sha. Ina da hannu a bugu, ba yabon kai ba. In na buga babbar riga, sai ta yi sheƙi tun daga wuya har ƙasa ba tare da zare ɗaya na aikin ya tashi ba. Ina samun abin da zan ci da matata, har da na goro. Amma ni a lokacin ba na ganin abin da ke hannuna, idona yana kan hannun wani.

Wanin nan kuwa taubashina ne, ɗan goggona, wanda muka tashi gida ɗaya muka koyi sana'a a gaban mahaifina. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, a wasanmu na taubasai ni ne ubangida shi ne bawa. Ko a tsakiyar kasuwa na gan shi sai na ƙwala masa kira da bawana, shi kuma ya durƙusa da gangan ya ce ranka ya daɗe, mutane su yi ta dariya. Tun muna yara na fi shi hannu, kuma shi ma ya sani. Shi mutum ne mai sanyi, komai nasa a hankali, sai ya yi rabin sa'a yana duba riga kafin ya sa ta a ruwa. Da mahaifina ya rasu gidajen suka dawo hannuna, shi kuma ya koma unguwar Aboabo yana tsintar wankin 'yan ƙwadago da masu tura kaya. Ban ɓoye muku ba, hakan ya yi mini daɗi. A ganina haka ya kamata duniya ta zauna, ni a sama shi a ƙasa.

Kwatsam sai na ji ya samu aiki a unguwar Adum, can tsakiyar birni, a wani gidan cin abinci na wani ɗan Labanan, inda Turawa da manyan akawu ke zuwa. Akwai manyan kafet guda biyu jajaye, na gashin tumaki, shimfiɗe a ɗakin cin abincin, shi ke tsabtace su daren Laraba da daren Asabar bayan an tashi, kafin a buɗe washegari. Ba a yi shekara ba ya sayi keke. Wallahi ƙararrawar keken nan har cikin haƙorana nake jin ta. Zai shigo Alabar gaida goggo da farar taguwa, ya jingine keken a bakin zaure, matan gida su fito suna shafa sirdin suna sa albarka. Wata rana ya kawo wa matata wani burodi mai laushi da aka ba shi a wurin aikin, ta ci tana santi, ni kuwa na ce ƙoshe nake, alhali tun safe koko ne kawai a cikina. A majalisa in an zo zancen masu wanki sai a ce ai wane ya ci gaba, yanzu da Turawa yake hulɗa. Ni da nake buga rigunan da ake shiga sahun farko da su, ba mai ambatona. Na fara kwana ina juyi. In na gan shi na daina kiransa bawana, don wasan ya daina yi mini daɗi a baki. Hassada ce, ba wani suna da zan sa mata, kuma na san ita ce tun a lokacin.

Ran nan na sa rigata mai kyau na taka har Adum, na shiga ta ƙofar baya na nemi ganin mai gidan. Da ɗan Turancina na kasuwa da ɗan Tuwi, yaren 'yan garin, na gaya masa cewa wanda ke yi masa aikin kafet yarona ne, ni na koya masa, kuma abin da yake karɓa ya yi yawa. Taubashina sule takwas yake karɓa a dare, ni na ce zan yi a biyar. Mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata biyar na ce, na ce na tabbata. Ya yi murmushi ya ce in fara ranar Laraba. Na fito ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa ɗan kasuwa irinsa ya yi saurin yarda haka ba, ban kuma tambayi nauyin kafet ɗin ko irin dauɗar da ke cikinsu ba. Abin da kawai nake hange shi ne fuskar taubashina in labari ya kai masa.

Labari ya kai masa, washegari kuwa sai ga shi a wurin buguna. Na shirya wa faɗa, har na tanadi maganganun da zan mayar masa. Sai ya zauna a kan gungumen, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya ce tunda ubangida ya ga dama ya karɓi aikin bawa, to bawa ya samu barci, ya gode. Daga nan ya sauke murya ya ce in saurare shi da kyau. Ya ce kada in kuskura in jiƙa kafet ɗin nan da ruwa, don ba za su bushe kafin safe ba, kuma rininsu zuba yake yi. Ya ce shi dusar katako yake samowa wurin masu yanka katako, ya ɗan yayyafa mata ruwa da gishiri, ya barbaza a kai, ya goge da buroshi mai tauri, ya share, sai inda maiƙo ya kama ne kawai yake taɓawa da kumfa. Abu na biyu, ya ce in sayi daro dabam na wurin, in bar shi can, kada ya haɗu da kayan alhazai, don ƙasan teburan nan ba abin da ba ya zuba, giya ce, romon alade ne. Shi da ma daro biyu gare shi, ɗaya ya shafa masa jan fenti a gindi, duk Zango an san wannan, har ni na sha yi masa tsiya a kai ina cewa ya yi wa daronsa lalle. Na ji shi har ya gama, na ce na gode. A zuciyata kuwa cewa na yi wato so yake in watsa wa Balarabe shara a ɗaki a kore ni daren farko. A ina aka taɓa wanke abu ba ruwa? Ni ɗan mai wanki ne jikan mai wanki, abin da bai sha ruwa da sabulu ba, a wurina bai wanku ba. Mugun da ke cikina shi na hango a cikinsa.

Daren Laraba na ɗora daron mahaifina a ka, na ɗauki sabulun salo da buroshi da dutsen guga na nufi Adum. Sai da na jira har kusan sha biyun dare kafin mai cin abinci na ƙarshe ya tashi daga teburinsa. Ni kaɗai na janye tebura da kujeru, na naɗe kafet na farko na ja shi zuwa tsakar gida ta baya inda famfo yake. Da na kwara masa ruwa, warin da ya taso sai da ya mayar da ni baya. Ruwan da ke gangarowa ja ne kamar an yanka rago. Da ya sha ruwa kuma ya yi nauyin da ko motsa shi ba na iya yi sai da na roƙi mai gadin gidan, wani dattijo Bazabarme, ya kama mini. Ga shi damina ce, ku kuwa kun san daminar Kumasi, ko ɗan kwali ka shanya sai ya kwana biyu da danshi. Da na ga asuba na gabatowa kafet suna ɗiga, sai na hura gawayi na hau bin su da dutsen guga taki-taki ina tsugune, tururi na dukan fuskata. Na ji kiran sallar asuba daga nesa ina kan na farko. Hantsi ya yi kafin na shimfiɗa su, da sauran danshi, mai gidan ya taka da takalminsa ya ji, ya yamutsa fuska ya ce nan gaba in yi sauri. Ya miƙo mini sule biyar. Da na cire na gawayi da na sabulu da ɗan abin da na ba dattijon, abin da ya rage bai kai ladan bugun riga biyu ba, aikin da nake gamawa kafin azahar ina hira.

Mai hankali da daga nan ya tsaya. Ni kuwa na ci gaba har wata biyu, don kada a ce taubashina ya iya ni na kasa. Dattijon nan mai gadi ne ya buɗe mini ido wani dare muna jiran a tashi. Ya ce shi fa mamakina yake yi, don taubashina ba don kafet yake zuwa ba. Ya ce ribar aikin gidan tana cikin ƙyallayen tebur da fararen kayan masu dafa abinci da masu kaiwa, waɗanda ake tara masa kullum ya wanke da rana, kafet kuwa haɗawa aka yi masa dole, ya daɗe yana neman yadda zai sauke su ba tare da ya ɓata da mai gidan ba. Wato keken da ya hana ni barci daga ƙyallayen tebur ya fito, kuma har yanzu suna hannunsa. Ni da ƙafata na je na ɗauke masa wahalar na bar masa daɗin, har da ragi. Maimakon in ji kunya sai haushinsa ya ƙara kama ni, kamar shi ya tura ni. Na ƙudura cewa sai na nuna wa mai gidan ƙwazona har ya ƙwace ƙyallayen ma ya ba ni. Dusar katako kuwa ko gwadawa ban yi ba, don in na gwada ta yi, to na yarda ke nan ya fi ni sani. Daro na biyu ma ban saya ba. Kullum sai in ce sai aikin ya fara kawo riba, aikin kuwa bai taɓa kawowa ba. Haka daron mahaifina ya riƙa kwana a Adum cikin jan ruwa, ya wuni a Alabar cikin rigunan alhazai. Ina ɗauraye shi da toka in na dawo, ina gaya wa kaina ai ya tsarkaka.

Jikina ya fara gaya mini. Ranar Alhamis da Lahadi ba ni da moriya, sai in riƙe sandar bugu barci ya sace ni. Rigunan da nake kaiwa a kwana biyu suka koma kwana huɗu. Matata ta yi magana sau ɗaya, na daka mata tsawa, ba ta sake tayar da zancen ba. Sai Babbar Sallah ta matso, kaya suka taru. Babba a cikin gidajen nan shida wani Alhaji ne dattijo, aminin mahaifina, wanda shi ya raɗa mini suna. Ya aiko da wata farar riga sabuwa wadda ya yi oda daga Kano, ya ce da ita zai je idi. Sauran kwana uku Sallah na dawo daga Adum da hantsi, idona na rufewa, ban ɗauraye daron ba, ko dubawa ban yi ba. Na zuba ruwa, na tsoma rigar, na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin ta jiƙa. Ban farka ba sai bayan azahar. Da na ɗago rigar, daga ƙirji zuwa hannun dama ta koma ruwan hoda, jan da ya kwanta a gindin daron da cikin buroshin da na manta a ciki ya gama shiga zaren. Na sa sabulu, na sa lemun tsami, na sa bula, na shanya a rana, ba abin da ya motsa. Da na kai ta hancina sai na ji warin ƙasan teburan nan.

Ba yadda zan yi, na naɗe ta na kai masa da yamma, na durƙusa a zaurensa na ce Baba na yi ɓarna. Ya warware rigar ya daɗe yana kallo. Ya ce riga ai ba komai ba ce, yana da wasu, mahaifina ma ya taɓa ƙona masa hula. Amma ya ce in gaya masa gaskiya, daga ina ja ya shiga daron da ba a sa komai a ciki sai fararen kaya. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na faɗa masa duka. Ya tambaye ni tun yaushe daron ke zuwa Adum, na ce wata biyu. Ya ce wato wata biyu ke nan yana sallah, yana karatun Alƙur'ani, har yana limanci a masallacin ƙofar gidansa in liman ba ya nan, da kayan da aka jiƙa inda ake wanke giya da alade. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce in tashi in tafi, Allah ya shirye ni. A daren ya je wurin malami ya tambaya ko zai rama sallolinsa. An ce malamin ya kwantar masa da hankali tunda ana ɗauraye kayan da ruwa mai tsarki, amma tambayar da ya yi ita ta fitar da zancen, kafin a sauko idi duk Alabar ta ji.

Ba wanda ya zo ya yi mini faɗa. Kawai dai bayan Sallah na zaga gidajen ɗaukar kaya kamar yadda na saba, kowane gida sai a ce babu wanki yau. Mako na biyu ma babu. A na uku na hangi keken taubashina jingine a ƙofar gidan Alhaji, da ƙullin kaya a baya. Gida shida, duka suka koma wurin mai daro da jan fenti. Adum ma ban daɗe ba, don yawan ruwa ya sa kafet ɗaya ya fara ruɓewa ta ƙasa, mai gidan ya sallame ni ta bakin mai gadi. Na zauna a gida ba na dare ba na rana. In na fita sai in ga kamar kowa hancinsa yake toshewa.

Taubashina ne ya zo, da magariba, ba a kan keke ba, a ƙafa, da ƙulli a kansa. Ya sauke ya ce shi wanki ya iya, amma bugu bai kai ni ba, kuma alhazai sun saba da hannun gidanmu, in ya buga da kansa za su gane bambanci. Ya ce ya je gida-gida ya roƙa a mayar mini, sun ƙi, Alhaji ya ce kada ya sake tayar masa da zancen. Saboda haka shi zai riƙa wankewa a daronsa, ya kawo mini in buga, ya kai, ladan bugun nawa ne duka, kada kowa ya ji. Ya ce ai bawa ba ya barin ubangidansa da yunwa. Ya faɗa da dariya don ya sauƙaƙa mini, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Na karɓa, don matata tana da ciki. Ko a wannan lokacin, Allah ya yafe mini, akwai wani ɓangare na zuciyata da yake jin zafin cewa shi ne mai bayarwa ni ne mai karɓa.

Shekara huɗu muka yi a haka. Wata Juma'a bayan an idar da sallah, ina neman takalmina a bakin masallaci, sai ga Alhaji ya fito da mutane kewaye da shi, sanye da wata shuɗiyar riga da na kwana biyu ina bugu. Wani ya yaba sheƙinta. Alhaji ya shafa ƙirjin rigar ya ce ai ɗan ƙanwar marigayi ne ya buga, yaron nan shi ya gaji hannun kawunsa sak, in ka ga aikinsa sai ka rantse marigayi ne ya dawo. Ya ƙara da cewa ikon Allah, ɗan cikinsa bai ɗauko komai ba. Ban sani ba ko ya gan ni. Ina tsaye tsakanina da shi bai fi taki uku ba, da takalmi ɗaya a hannu, kantar sandar bugun rigar tana tafin hannuna.

Na rubuto muku wannan ne saboda ina ganin matasa masu sana'a irin tamu suna rububin aikin dare a gidajen abinci da otal-otal, kowa na karya farashin ɗan'uwansa don a ce shi ke shiga babban wuri. Ban ce aikin dare haramun ba ne, taubashina ya yi shi ya fita lafiya, don ya san abin da ya kai shi. Amma kafin ka karɓa, ka cire gawayi da sabulu da barcinka da aikin washegari, ka ga abin da ya rage. Ka tambayi wanda ya riga ka dalilin da ya sa yake yi, in ya gaya maka yadda ake yi kuma ka saurara, ko da ba ka ƙaunar ganinsa. Kada ka haɗa kayan aikin inda aka yarda da kai da na inda ba ka san abin da ke zuba a ƙasa ba. Sama da duka, ka binciki zuciyarka, aikin kake so ko kuwa so kake kada wane ya samu. Ni ban taɓa son kafet ɗin nan ba, keken nake jin haushi. Taubashina ya yafe mini tun kafin in roƙa, har yau in mun haɗu shi ke fara durƙusawa ya ce ranka ya daɗe, ni ne dai bakina ya kasa sake ce masa bawana. Alhaji kuwa ya rasu a shekara ta biyar. Ni na buga rigar da ya sa a sallar idinsa ta ƙarshe, kuma har aka binne shi bai san hannun wa yake yabo ba.